Karkade

Gwaggo Tabawa ba ta cewa zoɓo,
karkade take cewa. Muna yara mun sha yi mata dariya.
Ga ta can gindin maina, ƙofar gida, nan Bulangu,
da tsinken tsohuwar lema tana cire ƙwallo,
yatsunta jajur kamar ta fige zakaran suna.

A Mai Wurno aka yanke mata cibi, bakin Nilu,
inda masu tafiya Makka a ƙasa suka yada zango,
zangon ya zama gari, guzuri ya zama iri.
Ta ce, "Ina shekara bakwai aka sauke tutoci biyu,
aka ɗaga ɗaya, shuɗi da rawaya da kore.
An raba mana alewa.
Rabona ke nan daga 'yancin kai, kuma ta yi zaƙi."

Ba ruwanta da kalanda. Ga lissafinta:
"Sojan farko, ina tallar gyaɗa a tashar Sinnar.
Da gari ya fito titi ya kore su,
ina tsintar auduga a Jazira, baya kamar zai karye.
Soja na biyu, ina goyon Sidi,
shi ya canja tuta, bai canja tuwo ba.
Shi ma titi ya ci shi, bayan shekarar fari,
lokacin da dawa ta fi ɗan kunnen zinare.
In ka ji rediyon Omdurman ta tashi da badujala da asuba,
kada ka tsaya tambayar wane ne.
Cika randa. Sayo gishiri. Kira yara cikin gida."

Daga nan Malam Ilu ya ce ƙasar ubansa yake so,
suka ratso Chadi a bayan motar albasa.
Saura labari a kaset ya riƙa zuwa,
muryar ƙanwarta Batula, da tari, da kukan akuya.
Soja na uku ya zauna shekara talatin.
Aka tsaga ƙasar kamar ƙwarya, kudu ta tafi da nata ɓari.
Burodi ya yi tsada, 'yan mata suka fito suna guɗa,
kujera ta kife, aka yi rawa har gari ya waye.
Gwaggo ba ta taka ba. "Sau biyu na ga irin wannan rawar."

Tana da gwangwanin madara ƙarƙashin gado:
fam, dinari, sannan fam kuma,
kowace takarda da mulkin da ya haife ta.
Duka a haɗe ba sa sayen ashana.

Bara kaset ya koma waya.
Daƙiƙa arba'in da ɗaya, na ƙirga.
"Tabawa, masu kaki ne a junansu, tukunya ɗaya suka ci.
Mun kama hanyar Gadarif a ƙafa.
Kajin na bar wa Allah. Makulli na wuyana."
Sai iska. Sai wani yaro yana neman ruwa da Larabci.
Ba a ƙara ba.
Kullum nakan kai wayar wajen mai caji, naira ɗari,
bayan isha ta ce, "Sake kunna min."

Jiya dillali ya zo daga Maigatari da ma'auni,
yana ɗaga buhu yana washe baki:
"Inna, bana kun ci kasuwa,
na Sudan ba ya fitowa, mu ake nema."

Ta karɓi kuɗin, ba ta ƙirga ba.
Ta daɗe tana duban yatsunta.
Sannan ta ce in ɗebo mata ruwa da toka,
ta goge, ta goge,
jan bai fita ba.